Jijiyar Rago a Teburin Kailu

Mushe Nafi'u, kamar yadda ake kiran malaman boko a Nijar, malamin ilimin halittu ne a wata lakkol, wato makarantar boko, ta Filinge. Ranar kasuwa ya je rumfar yayansa Kailu mahauci, ya roƙi babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciyar rago. Wannan karon ba don 'yan aji yake son ta ba. Likita ya ce jinin Kailu ya hau ƙwarai, ya rubuta masa ƙwayoyi, shi kuwa sai ranar da ya tuna yake sha.

Nafi'u ya tsaga jijiyar da wuƙa, ya shimfiɗa ta a kan tebur.

"Yaya, shafa cikinta."

"Sumul, kamar kumatun jinjiri. Wannan ma sai an shiga lakkol?"

"Masu bincike sun samu zomaye, suka zura musu siririn bututu cikin jijiya, suka kankare wannan santsin a wuri guda. Sannan suka riƙa ba su abinci mai maiƙo. Bayan makonni suka duba. Inda aka ji wa bangon ciwo, nan kitse ya fi taruwa, ya yi kauri, hanyar jini ta matse."

"To ni wa ya zura mini bututu?"

"Hawan jini ne bututunka, shi da sigarin nan. Kullum suna kankarar ka ta ciki, kai kuma kana bin su da kitsen gasasshen nama."

Kailu ya daina dariya. Ya sake shafa jijiyar a hankali.

"Wato datti ne ya taru a hanyar jini."

"Kusan haka ne, Yaya."

"Na gane, Mushe."

Nafi'u ya koma gida da farin ciki. Ya daɗe bai ga darasi ya shiga haka ba.

Bayan wata biyu, Balkisa matar Kailu ta kira Nafi'u yana cikin aji. Kailu ya faɗi yana fiɗa. Bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Da Nafi'u ya tallabe shi zai sa shi a mota, sai ya ga ƙeyarsa da gadon bayansa cike da tabon ƙaho, tsofaffi da sababbi, a jere.

"Mine ne wannan?"

"Tun ranar da ka yi mishi karatun zomo ya kira wanzami," in ji Balkisa tana kuka. "Duk sati sai an zuƙe mishi. Ya ce kai da bakinka ka ce datti ne, ga shi kuwa yana ganin baƙin jini na fita. Har sigari ya bari don girmanka."

"Ƙwayoyin fa?"

Ta kwance bakin gyalenta. Sabon kwalin na nan, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Ya ce an cire dattin, mi za a yi da su?"

A asibiti likita ya ce hannun ba zai koma riƙe wuƙa ba, maganar ma bai yi alkawarin za ta dawo ba.

Nafi'u ya zauna a bakin gado. Kailu ya motsa leɓe, abin da ya fito yawu ne. Sai ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya nuna tabon ƙeyarsa, ya zuba wa ƙanensa ido kamar ɗalibin da ya gama aiki yana jiran a duba.

Nafi'u ya goge masa baki, ya riƙe hannun, ya gyaɗa kai.