Zazzaɓin Balarabe a Gaban Suruki

Likitan Sakkwato bai ɓoye wa Malam Balarabe komai ba. Maganin dajin mafitsarar da ake zura masa ta gabansa da siririyar roba, raunanan ƙwayoyin cuta ne masu zaburar da garkuwar jiki. Da wuya, amma sukan ɓalle su shiga jini. Saboda haka in zazzaɓi ya ƙi sauka, ya gaggauta gaya wa duk ma'aikacin lafiyar da ya samu, don ransa ne a ciki.

Zazzaɓin ya zo, ya ƙi sauka. Ɗayyabu, mijin ɗiyarsa, ya ɗauko shi daga Faru zuwa wani asibiti a Talata Mafara. Ɗayyabu irin surukin nan ne da ladabinsa ba ya barin mutum ya numfasa shi kaɗai. Ya tsaya a kansa, riƙe da takalmansa.

"Baba, ana yi maka wani magani?" in ji Regina, nas ɗin da ke aiki.

Balarabe ya dubi surukinsa, ya tuna hanyar da robar take bi. "Babu, ɗiyata."

Aka yi masa allurar zazzaɓin sauro, kamar kowa. Ya koma gida yana jiƙa tabarma da gumi. Suka dawo, aka sake tambaya, Ɗayyabu na tsaye, aka sake allura. Hanya ta ishi Balarabe, sannu ta ishe shi, idanunsa suka yi ɗorawa.

A zuwa na gaba matarsa Nagode ta biyo su da dabara.

"Baban Mufida, a samo muna ruwa," ta ce wa surukin.

"Ga shi, Inna, na taho da shi."

"To, lemu."

"Shi ma ga shi."

Balarabe ya lumshe ido. Kunya ma ƙarfi take bukata, nasa kuwa ya ƙare. Ya juya fuskarsa ga bango, ya zayyana wa bangon komai, har da robar.

Regina ta ajiye allurar da ta zuƙo. Ta ce a nemo mota, Sakkwato za a wuce yanzu, sannan ta dubi Ɗayyabu.

"Kai kuma ba ka sani ba?"

"Na sani, Sista," ya ce, kansa a sunkuye. "Ai ba ni zan faɗa a gabansa ba."

Balarabe bai juyo ba. Sakkwato da nisa, kuma kujera ɗaya za su zauna a motar da surukinsa.