Injin Numfashi a Ɗakin Yara

Tun da hantsi kafintan ya lura haƙarƙarin 'yarsa na shiga ciki duk sa'ad da ta ja numfashi. Shekararta biyu, sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake kiranta. Ya san wannan numfashin. Shi ne ya ɗauke masa ɗan fari shekara huɗu da suka wuce, a bayan mota, kafin su kai babban asibitin birni.

Bai tsaya neman takalmi ba. Ya saɓa ta a kafaɗa, matarsa na biye da zani a hannu, suka nufi ƙaramin asibitin garin. Niyyarsa a rubuta masa takarda kawai ya wuce birni.

Malamar asibitin, wata doguwa mai tabarau ɗaure da zare, ta maƙala wa yarinyar wani ɗan abu a babban yatsan ƙafa, ta dubi lambar da ta fito, ta ce limoniya ce, kuma iskar jininta ta yi ƙasa ƙwarai. Ya ce to a ba shi takarda. Ta ce ruwan jiya ya shanye gada, ko da bai shanye ba yarinyar ba za ta kai ba.

"Malama, na taɓa rasa ɗaya a kan wannan ciwon," in ji shi.

"Na sani, ni na rubuta muku takardar wancan karon. Lokacin ba ni da abin da zan ba shi. Yau ina da shi. Kwantar da ita nan."

A kusurwar ɗakin akwai wani inji mai tayoyi, bai fi ƙaramin firji ba. Ta kunna, ya soma gurnani a hankali, ruwan da ke cikin 'yar kwalbar gabansa ya hau tafasa ba wuta. Ta zura siririyar roba a hancin yarinyar, ta manne da filasta, ta yi mata allura. Ta ce injin iskar ɗakin nan yake tacewa ya fitar da oksijin, wutarsa kuma daga farantan sola da ke kan rufi take zuwa, ta taru a batura.

Kafintan ya tsuguna ya zuba wa lambar ido. Tamanin da biyu. Tamanin da bakwai. Kafin azahar ta haura casa'in, leɓen da ya yi duhu ya fara komawa daidai. Matarsa ta juya fuska bango tana share hawaye da gefen mayafi.

Kashegari hadari ya rufe gari, rana ta ƙi leƙowa. Kafintan ya ga Malama ta kashe fanka, ta zare cajar wayarta, tana ta zirga-zirga wajen baturan. Da ya matsa mata ta ce za su kai gobe, amma da farantan a goge suke da sun fi jan wuta. Tattabaru sun mai da su masauki, mai gadi kuma gwiwarsa ba ta hawa tsani. Kafin ta rufe baki kafintan ya je gida ya ɗauko nasa tsanin. Ya hau da bokiti da tsumma, ya kankare kashin tsuntsaye da ganyen da ya manne, yana gogewa kamar madubin amarya. Mai gadi daga ƙasa yana ta ba da umarni, har da cewa ya bar wani lungu.

Rana ta huɗu Uwata ta fizge robar da kanta, ta ce a ba ta ruwa a kofin Malama, ba nata ba. Malama ta bar ta awa guda ba inji, ta sake gwadawa, ta ce gobe sai gida.

Ya yi ta neman kalmar godiya, duk wadda ya ɗauko sai ya ga ta yi kaɗan. A ƙarshe ya ce Allah ya saka, ya maimaita sau uku, yana tsugune a gabanta. Ta ce amin, amma ya daina tsuguna mata a hanya, akwai masu jira.

Ranar asabar ya dawo da katako da zarto. Baturan a ƙasa suke, inda ruwan goge daɓe ke taɓa su, ya ƙera musu teburi mai ƙafa huɗu. Yana cikin buga ƙusa ta ƙarshe aka shigo da wani jariri yana haki, sai ya tattara kayansa da sauri ya ba su wuri.