Waƙar Mani Mai Balangu

Mani na cikin juya balangu a kan raga, wasu samari uku suka tsaya da babur a gaban rumfarsa ta Gawon Nama, suka ɗaga wayoyi suna ɗaukarsa.

"Baba Mani, ɗaga wuƙar kaɗan! Yi murmushi!"

"Nama kunka zo saye ko haƙorana?" ya ce, bai ɗago ba.

Kwana tara ke nan ana haka. 'Yarsa Nabila, wadda ke karatu a kwaleji, ta shiga wani ɗan situdiyo a Sabon Gari ba da saninsa ba, ta rera waƙa a kansa. Waƙar ta bazu a wayoyi, masu Keke Napep suna sa ta, 'yan mata na rawarta a wajen biki. Naman da yake kai shi dare yanzu kafin magariba ya ƙare. Amma Mani ya ƙi saurarenta. Ya ce su gidan mahauta ne, ba maroƙa ba, kuma tun ranar, in ban da amsa gaisuwa, bai ce wa Nabila komai ba.

Bayan la'asar ta kawo masa yajin da take daka masa a gida. Tana ajiye robar, wata baƙar mota ta tsaya, wani mutum mai babbar riga ya fito. Ya ce sunansa Tambari, shi ke kula da yaƙin neman zaɓen wani ɗan takarar majalisa.

"Waƙar ga ta shiga ran matasa, Malam Mani, kuma su ad da ƙuri'a. Kiɗan na nan yadda yake, sunanka kawai za a cire a sa na maigida. Za mu yi maka rumfar kwano, da firiza, da janareto."

Mani ya dubi Nabila. Ta sunkuyar da kai.

"Ni nac ce mishi shi tambaye ka, Baba. In ka yarda sai in canza. Rumfar ga duk damina zuba take yi, kai kuma ga tari."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Ko akuya ban saye sai na duba ta," ya ce. "Sa mini in ji."

Ta ciro wayarta ta kunna waƙar. Ya zaci kirarin nama zai ji. Baiti ɗaya kawai aka yi wa balangu. Sauran duk labarin shekarar da mahaifiyarta ta rasu ne, tana 'yar shekara shida: yadda yake saɓa ta a kafaɗa zuwa makaranta kafin ya wuce mayanka, da ranar da aka rasa mai yi mata kitso, ya zaunar da ita ya yi mata da kansa, yatsunsa na ƙamshin yaji, kitson ya karkace tana kuka yana ba ta haƙuri.

Naman ya fara ƙonewa, sai ɗaya daga cikin samarin ya miƙa hannu ya juya shi.

Da waƙar ta ƙare, Mani ya yi gyaran murya.

"Malam Tambari, maigidan naka ya taɓa yi ma ɗiyata kitso?"

Tambari ya yi dariya. "Ina hwa!"

"To in an sa sunanai nan, ƙarya za ta yi. Ka ga kwalbatin can da ke hana mu wucewa in an yi ruwa? Shi gyara shi. Ita tana da baki, in ta ga dama ta yi mai tashi waƙar."

Tambari ya ƙara da alkawarin babur, Mani ya girgiza kai. Ƙarshe dai mutumin ya sayi balangu ƙunshi biyu, ya shiga mota yana murmushi.

Nabila ta ɗauki robar yajin jiya za ta tafi.

"Ke," ya ce. "Kitson nan bai karkace ba."

"Baba, wallahi ya karkace. Sai da malama ta kwance shi."

Ya yanko tsoka mai laushi, ya barbaɗa yaji, ya miƙa mata a takarda. Sannan ya jawo benci ya nuna mata gefensa.

"Zamna. Sake sa ta daga farko, ƙarar motoci ta hana ni jin tsakiyar."

Nabila ta dubi titin. Tun ɗazu babu motar da ta wuce. Ta zauna, ta kunna.