Waken da Teopista Ta Dafa

Teopista ta durƙusa a gaban kwamitin ladabtarwa na jami'a, ta finciko siket ɗin 'yarta.

"Durƙusa mana, Nakimuli! Gwiwarki ƙarfe ce?"

Nakimuli ta tsaya ƙyam. Ita ce ta ja ɗalibai ran Litinin suka juye tukunyar wake a ƙofar ofishin shugaban jami'a, suna ihu wai abincin ƙwari ake ba su. Wata huɗu ya rage ta gama digiri. Ita kuwa Teopista shekararta sha tara tana girki a kicin ɗin ɗaliban, albarkacin aikin ma aka rage wa yarinyar kuɗin makaranta.

Farfesa Ssebunya, shugaban kwamitin, ya turo takarda.

"Tashi, Mama, abin mai sauƙi ne. Ke kika dafa waken. Sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau, ita ta nemi afuwa, shi ke nan. In ba haka ba, dakatarwar shekara guda ce."

"Ranka ya daɗe, Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Ita ke karanta min takardu."

"An hana ta magana a nan."

"To ni ban sa hannu a abin da ban ji ba. Ko a coci sai an karanta mana."

Farfesa ya duba agogo, ya ɗaga wa yarinyar hannu. Nakimuli ta karanta, tana fassara wa uwar da yarensu. Wai wake sabo ne, tsaf, ba ƙwaro ko ɗaya, ƙarya ɗalibai suka ƙirƙira.

Teopista ta lalubi carbin da ke wuyanta. Tun Janairu buhunan ke zuwa da huji. In ta zuba a ruwa, ƙwarin su taso sama baƙi ƙirin, ta kwashe da matsami, ta kuma kwashewa. Sau uku tana gaya wa mai kula da sito, Byaruhanga, ga shi nan zaune a gefe yana danna waya.

"Mama, sa hannun kawai," in ji Nakimuli a hankali. "Zan ba su haƙuri. Kada su kore ki."

"Yanzu kika san da haka, uwar 'yan tsaurin ido? Da kina juye min tukunya fa?"

Ta karɓi biro, ta riƙe, ta ajiye.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta da kunya, ni ma na sani. Abinci ba a zubar da shi, a hukunta ta kan wannan. Amma waken da ƙwari. Ni na dafa. Jibi Lahadi, in na yi ƙarya da wane bakin zan karɓi Jibin Ubangiji a coci?"

Byaruhanga ya kife wayarsa. Farfesa ya rubuta wani abu, ya ce uwar da 'yar za su samu wasiƙar hukunci.

A waje Nakimuli ta fashe da kuka, ta kai gwiwa ƙasa ta riƙe ƙafar uwarta.

"Tashi, ana kallonmu. Hau babur ki tafi gida, akwai ayabar dafawa a kwando, ki ɗora a wuta."

"Ke fa, Mama?"

"Sha biyu ta wuce. Yara ɗari takwas za su zo da farantansu da ƙarfe ɗaya, kuma ba wanda ya ba ni wasiƙa tukuna."