Ɗigon Mori Sa'adya

"Ba zan cire su ba," in ji Tirza, ba ta ko ɗaga ido daga kwamfuta ba.

Gid'on, mai maɗaba'ar da take wa aiki, ya dafa teburinta. "Tsohon nan kwanansa ya kusa ƙarewa. Kowane harafi sai kin yi ta danne-danne kafin ɗigo ya zauna a ƙarƙashinsa. Share su mu buga littafin, ya riƙe abinsa kafin ya tafi."

"A'a."

"To, ki nemi wata maɗaba'ar."

Ta naɗe wayar kwamfutarta, ta fito ba sallama.

Mori Sa'adya, wato Malam Sa'adya a bakin Yahudawan Yaman, maƙwabcin su Tirza ne a garin Rosh Ha'ayin, katanga ɗaya ta raba su. Shi ya koya wa yaran unguwa karatun Zabura da lafazin Yaman, har muryarsa ta dushe. Jikokinsa kuwa a Kanada suka tashi, ba su iya haruffan Ibrananci ba. Shi ya sa ya roƙi Tirza ta mayar da karatun cikin haruffan Turawa, da ɗigo a ƙasa da layi a sama, don a ji inda sauti ke fita daga maƙoshi da inda ake jan numfashi.

Ta same shi kwance kusa da taga. Matarsa Badra na goge masa goshi.

"Amaryata ta zo," ya ce. "Ina littafin? Ko sai na aiko daga kabari?"

"An kore ni, Mori. Sun ce in cire alamomin."

"Kika ce me?"

"Na ƙi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Taurin kan uwarki ke nan. Zauna, karanta mini inda kika tsaya."

Badra ta ajiye mata gahawa mai citta, ba ta dube ta ba.

Daga ranar nan gefen gadonsa ya zama wurin aikinta. Ta karanta layi, ya girgiza kai, ya maimaita da guntun numfashin da ya rage masa, ta goge ta sake dannawa. Wani lokaci barci ya ɗauke shi a tsakiyar aya, ta jira da yatsunta a kan maɓallai. Aikin na tafiya a hankali, jikin tsohon na sauri.

Ya cika wata Laraba da hantsi, Badra na shanya a tsakar gida. Kafin la'asar an kai shi.

A bakin kabari jikansa Eitan, wanda ya zo jinya, ya karanta daga warwatsattsun shafukan da Tirza ta buga a gida. Ya yi ta sarƙewa, amma sautin ya fito daga maƙoshi yadda ya kamata. Tsofaffi suka amsa da amin.

A zaman makoki an rufe madubai da zannuwa bisa al'adarsu, kowa na ƙasa a kan tabarma. Tirza ta durƙusa gaban Badra.

"Inna, sannu da haƙuri."

"Yaron ya yi karatu mai kyau," in ji Badra. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. "Amma kullum da safe sai ya tambaye ni ko littafin ya iso. Ya so ya riƙe shi, Tirza. Ke kika hana."

"Na sani, Inna."

Ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma tashi ba. Ba ta da aiki yanzu, Mori kuma ya tafi hannu wofi. Ta zauna gefen tsohuwar, kafaɗarsu ba ta taɓa juna ba, iska na ɗaga gefen zanen da ke kan madubi.