Allon Saifuddeen B.A.

Tun da Saifuddeen ya dawo Wudil da digiri a hannu ya daina cin abinci a faranti ɗaya da 'yan'uwansa. Mahaifinsa, Alhaji Maikano, dillalin shanu ne a kara, ya ce ya zo ya kama masa aiki. Saifuddeen ya toshe hanci, wai shi ba zai taka kashin shanu ba bayan shekara huɗu a jami'a.

Sai ya kama shago a bakin kasuwa, ya ce ofis ne na ba da shawara. Shawarar me, shi ma bai sani ba. Ya sa Abdulbaƙi mai fenti ya rubuta masa allo da manyan baƙaƙe, sunansa da B.A. na digirinsa. Abdulbaƙi kuwa bai ga amfanin ɗige-ɗige ba, ya rangaɗa: SAIFUDDEEN MAIKANO BA.

Ranar Juma'a kasuwa ta cika. Saifuddeen ya ɗaure wuya da lakataye cikin zafin nan, ya hakimce a kujera yana jiran jama'a.

Mutanen Achika ne suka fara wucewa. Ɗayansu ya karanta allon da ƙarfi, ya leƙo. "Saifuddeen Maikano ba? To shi ne mana! Wa ya yi musu?"

"Digiri ne!" in ji Saifuddeen. Suka tafi suna dariya.

Can wani Babarbare mai fataucin shanu ya zo neman Alhaji Maikano, ya tsaya ya duba allon, ya juya. Saifuddeen ya bi shi da gudu. Mutumin ya ce, "A yarenmu ba babu ke nan. Na ga an rubuta babu kowa, me zan tsaya yi?"

Gidaɗo, Bafulatanin da ya daɗe yana hulɗa da Alhaji, da aka karanta masa sai ya washe baki, ya shigo yana ta barka. Wai a wajensu baa uba ne. "An samu ƙaruwa ba a gaya mana ba? Yaushe ma aka yi auren?"

Saifuddeen ya haɗe rai, ya fara bayani da Turanci. Gidaɗo ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya raya, ya fita.

Bayan an sauko daga masallaci ne Malam Ja'afar, wanda ya koya masa karatun allo, ya biyo ta wajen tare da Alhaji Maikano. Malam ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, ashe yaron nan har yanzu yana ba? Nan na bar shi shekara ashirin da suka wuce. Ko sin bai kai ba."

Duk rumfunan kusa suka fashe da dariya. Alhaji ya wuce yana girgiza kai, kuma wannan ya fi dariyar yi wa Saifuddeen ciwo.

Sati uku ya yi a shagon, ban da masu neman inuwa babu wanda ya shigo. Daga baya ya nemi koyarwa a wata firamare a Kausani, aka ɗauke shi. Kullum da safe sai ya ratsa ta bayan kara a kan babur, yana ɗage ƙafar wando, dillalai na ɗaga masa hannu.