Doose Mace Ne

Da aka ce a sake buɗe binciken yaron da ya ɓace a kasuwar Lafia shekara ashirin da ɗoriya, ni aka ɗora wa. Ni dai Sufeto Sharifa, duk aikin da maza suka kauce wa, a kaina yake ƙarewa. Abin da aka gaya min kaɗan ne: yaro ne ƙarami, sunansa Doose, iyayensa 'yan ƙabilar Tibi ne masu noman doya a Kwandere.

Na sami uban, Baba Aondowase, a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya.

"Ofisa, kun samu shi?"

"Tukuna, Baba."

Matarsa Doris ta kawo min ruwa. Ya nuna ta da haɓa. "Wannan mata na ne. Shi ne ya riƙe hannun yaro ranar. Har yau bai daina kuka ba."

Na ajiye kofin. A Lafia aka haife ni, na san Hausarmu: mace "shi", namiji "shi", kowa "shi". Ɗan sandan da ya saurare su a wancan lokacin kuwa baƙo ne daga can arewa.

"Baba, Doose namiji ne ko mace?"

"Ah-ah! Mace ne mana. Wa zai sa wa namiji Doose?"

Raina ya ɓaci, na kuma ji tausayinsu har cikin ƙashina. Ashe duk cigiyar da aka yi, namiji ake nema. Su kuma da suka ji "yaro" a rediyo ba su ga kuskure ba, tunda haka suke faɗa.

Na sa aka sake cigiya, aka ce yarinya. Ba a yi mako ba sai ga wata tsohuwa mai dafa gishiri daga Awe, Inna Iyatu, tare da wata matar aure. Ta ce ita ta tsinci yarinya tana kuka a kasuwar Lafia, ta kai ta ofishin 'yan sanda, aka ce mata namiji ake nema. Ta yi ta tambaya har ta gaji, ta raine ta, ta sa mata Muhibbat, ta aurar da ita.

Na kai su Kwandere. Doris ta tsaya tana kallon baƙuwar, ta kasa matsowa. Tana tsoron kada a ce ba ita ba ce. Inna Iyatu kuma ta ƙi sakin gyalen 'yar da ta raina. Sai tsohuwar ta fara surutu don kada ta yi kuka.

"Ba ta da rigima, 'yar'uwa. Sai dai ba ta cin kuɓewa. Na yi lallashi, na yi faɗa, ko ɗanɗanawa ba ta yi."

Doris ta dafe ƙirji. Dariya da kuka suka zo mata tare.

"Har yanzu?" ta ce.